Karatu daga nesa: ta yaya zan ci moriyar laburaren jami'a ina zaune a Kaura Namoda?

Malam_Kaura ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji huɗu a NOUN, jami'ar ƙasa ta karatu daga nesa, ɓangaren ilimi, cibiyata tana Gusau amma a Kaura Namoda nake zaune. Furojet ɗina a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin makaranta ne a ƙaramar sakandare. Malamin da ke duba aikin ya ce babi na biyu sai da madogara aƙalla 30, kuma yawancinsu su kasance na shekaru goman nan. Abin da ke hannuna littattafan kwas ne kawai da wayar Android, ba ni da kwamfuta.

Shin ɗalibin nesa yana da haƙƙi a laburaren jami'a kamar mai zuwa aji kullum? Me ya sa duk maƙalar da na gano a intanet sai a ce in biya dala kafin in karanta? Kuma ko za a bar ni in shiga laburaren wata makaranta da ta fi kusa da ni? Don Allah masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malama_Laburare ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da sa'a. Haƙƙinka daidai yake da na kowane ɗalibi mai rajista. Abin da ya bambanta ku shi ne hanyar da za ka bi ka kai ga kayan, kuma nan ne yawancin ɗaliban nesa ke yin asara: sai su gama shekara huɗu ba su taɓa gaisawa da ma'aikacin laburare ba, sai furojet ya zo wuya.

Ka ware rana guda ka je cibiyarku. Ka tafi da katin shaidar ɗalibi, takardar shigarka jami'a, shaidar rajistar wannan zangon, da hoton fasfo biyu. Kada ka tsaya a kan "ina son littafi". Ka nemi jami'in laburare ka yi masa tambayoyi huɗu, ka rubuta amsar a takarda a gabansa: waɗanne rumbunan mujallu ne jami'a ke biyan kuɗinsu a bana, mene ne sunan shiga da kalmar sirrin kowannensu, shin suna buɗewa daga gida ko sai a kan intanet ɗin cibiya, kuma wace lamba ko imel za ka tuntuɓa idan abu ya ƙi. Na ce "a bana" da gangan. Kuɗin rumbunan nan shekara-shekara ake biya, wanda ya yi aiki bara yana iya rufewa yanzu, kuma ana sauya kalmar sirri lokaci zuwa lokaci. Takardar da wani tsohon ɗalibi ya ba ka ba abin dogaro ba ce.

Kafin ka baro wurin, ka gwada shiga kowane rumbu da wayarka, da datarka, ba da Wi-Fi ɗin cibiya ba. Wannan gwajin shi ne amsar tambayarka ta biyu. Kamfanonin da ke buga mujallu hanya biyu suke gane mai karatu. Ta farko, suna duba adireshin intanet ɗin da ka fito: idan na jami'a ne sai ƙofa ta buɗe da kanta. Shi ya sa maƙala ke buɗewa a kwamfutar laburare, ka koma gida ta ce ka biya dala 30 ko 40. Ta biyu, sunan shiga da kalmar sirri, ko wata ƙofar shiga daga nesa irin su EZproxy, OpenAthens ko MyLOFT, gwargwadon wadda jami'a ta ɗauka. Mai karatu daga nesa ta biyun yake buƙata. Kuma dole ka fara shiga ta ƙofar laburare sannan ka yi bincike a ciki. In ka biyo ta Google kai tsaye zuwa shafin kamfani, bai san kai ɗalibin kowa ba ne, kuɗi zai nema.

Ka tambaya musamman game da Research4Life. Shiri ne da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu, kuma kashi biyar ne: Hinari na lafiya wanda ya fara a 2002, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙirƙira da fasaha, sai GOALI na shari'a. Cibiya ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka a hannun laburare kalmar sirrin take. Mutanen ilimi kan ɗauka babu ruwansu da shi, alhali maganar auren wuri, lafiyar 'yan mata da talauci duk suna cikin mujallun lafiya da na zamantakewa.

Batun shiga laburaren wata makaranta kuwa, al'ada ce sananniya. Ka karɓi takardar gabatarwa daga cibiyarku, mai hatimi, a rubuta ta zuwa ga shugaban laburaren da za ka je, a ambaci sunanka da lambar rajistarka da taken bincikenka. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Kaura Namoda, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau wadda ita ce ta fi dacewa da fanninka. In aikin ya kai ka Sakkwato, akwai Laburaren Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma ka san iyakarka: baƙo yana karatu ne a ciki, galibi ba a ba shi aron littafi ya fita da shi, kuma jakarka za ta tsaya a bakin ƙofa. Kowace laburare da dokarta, ka bugo ka ji ranaku da lokutan buɗewa kafin ka biya kuɗin mota, musamman lokacin hutu.

Idan ka shiga, kada ka bi kantoci kana leƙe. Ka fara da katalog, na kwamfuta ko na kati, ka kwafe lambar da ke jikin littafin gaba ɗayanta. Yawancin jami'o'inmu tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, mai farawa da haruffa: L ilimi ne, LB dabarun koyarwa, LC ɓangaren da ya shafi ilimi da al'umma, har da ilimin mata, HQ iyali da aure da al'amuran mata, BP Musulunci. Inda ake bin tsarin Dewey, 370 ne ilimi. Da ka sami littafi guda da ya dace, ka duba na damansa da na hagunsa, don 'yan gida ɗaya ne. Ka kuma tambayi sashen mujallu da sashen da ake ajiye kundayen digiri, ba a jera su tare da sauran littattafai.

Abu_Hanan_Gusau ya rubuta:

Malama ta gama magana a kan ƙofar jami'a. Ni zan ƙara da abin da ba ya buƙatar kalmar sirrin kowa, don rabin madogara 30 ɗin nan za su iya fitowa daga nan.

ERIC, rumbun maƙalun ilimi a intanet, shi ne na farko ga mai karatun ilimi. Ma'aikatar ilimi ta Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa, kyauta ne. A ƙarƙashin akwatin bincike akwai ƙananan akwatuna biyu, ɗaya na maƙalun da masana suka tantance, ɗaya na waɗanda cikakken rubutunsu ke cikin ERIC. Ka danna duka biyun, duk abin da ya fito zai sauka. Sai AJOL, rumbun mujallun Afirka, inda mujallun jami'o'in Najeriya suke da yawa. Wasu kyauta, wasu sai ka buɗe asusu. Sai DOAJ, wanda duk abin da ke cikinsa kyauta ne. JSTOR na barin mai asusun kansa ya karanta maƙala har 100 a wata a kan allo, ba tare da saukewa ba. Sai dai mujallu da yawa ba sa shiga JSTOR sai sun kwana shekara uku zuwa biyar, don haka ya fi amfani wajen tarihin matsala, ba sababbin bincike ba. Don kundayen digiri na biyu da na uku, ka duba Kubanni, rumbun Jami'ar Ahmadu Bello.

Yadda ake rubuta kalmomin bincike shi ne ke wahalar da mutane. Kada ka zuba taken furojet ɗinka gaba ɗaya a akwati, zai ce babu ko ya kawo maka shirme. Ka fasa shi gida uku: su waye, mece ce matsalar, a ina. Da Turanci za ka rubuta tunda da shi aka jera kayan, misali: "girl child education" AND dropout AND "northern Nigeria". Alamar zance tana sa a nemo kalmomin a jere yadda ka rubuta su, AND na rage sakamako, OR na faɗaɗa shi. In ka sa Zamfara ka ga kaɗan, ka musanya da Sokoto ko Kebbi ko Katsina. Ka tuna sai a 1996 aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Kebbi kuma a 1991, don haka duk binciken da aka yi a Gusau ko Kaura kafin nan da sunan Sokoto za ka same shi.

A Google Scholar ka taƙaita shekaru daga gefen shafi. Idan maƙala ta nemi kuɗi, ka danna "All versions" a ƙasanta, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafe kyauta a rumbun jami'arsa. "Cited by" kuma zai nuna maka waɗanda suka yi amfani da ita daga baya, ta nan tsohuwar maƙala guda ke haifar maka da sababbi biyar. In duk ta ƙi, imel ɗin marubuci yana shafin farko. Ka rubuta masa layi uku cikin ladabi, da yawa suna turowa.

Yanzu abubuwan da ke lalacewa a waya. Kada ka shiga rumbun laburare da Opera Mini: tana bi da shafi ta na'urorinta don rage cin data, sai shafin shiga ya rikice ko ya yi ta mayar da kai baya. Ka yi amfani da Chrome ko Firefox, ka kashe duk wani VPN. In shafi ya matse, ka zaɓi tsarin kwamfuta a cikin burauza. In ya ce haɗin ba shi da tsaro, ka duba kwanan wata da agogon wayarka, sau da yawa su ne suka kauce bayan batir ya mutu. Kalmar sirri kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma allon waya kan mayar da harafin farko babba da kansa, ko ya ƙara fili a ƙarshe in ka kwafo ta daga WhatsApp. Mutum sai ya rantse an ba shi ta bogi, alhali fili ɗaya ne ya hana.

Kada ka adana adireshin da ke saman burauza bayan ka shiga rumbu, na wannan zaman ne kawai, gobe ba zai buɗe ba. Ka kwafi DOI, lambar shaidar maƙalar nan mai farawa da 10, ita ba ta sauyawa.

Maganar data ba ta kai yadda ake tsoro ba. Maƙala ɗaya ta PDF galibi ba ta wuce megabait ɗaya ko biyu, ka ga 1GB ya ishe ka sauke ɗaruruwa. Abin da ke cinye data shi ne manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye, ka kashe su tukuna. Ka yi saukarwa lokacin da sabis ya fi ƙarfi, bayan asuba ko cikin dare, ka karanta daga baya ba tare da intanet ba. Duk wanda ke Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san darajar fayil ɗin da ke cikin waya. Kwafe uku: memorin waya, fulash, da Google Drive. Kowane fayil ka sauya masa suna nan take zuwa sunan marubuci, shekara, da kalma biyu na take. In ka bar su da lambobin da suka zo da su, bayan mako biyu ba za ka gane ko ɗaya ba.

Ɗan_Mafara ya rubuta:

Malam Kaura, ga hanya mai sauƙi. Akwai guruf-guruf na ɗalibai da ake raba kalmomin sirri na jami'o'i daban-daban, kuma masu kafe da yawa suna da tsofaffin furojet a kan wannan take. Ka karɓi biyu ko uku ka ga madogarar da suka yi amfani da su, ka huta da wahala.

Malama_Laburare ta rubuta:

Ɗan'uwa Ɗan Mafara, na san taimako kake nufi, amma ban goyi bayan kalmar sirrin guruf ba ko kaɗan. Kamfanonin nan suna ganin adadin saukarwa da inda ake yin ta. Da sun ga asusun jami'a guda ana shigarsa daga wurare barkatai, ko an sauke mujalla sukutum cikin 'yan mintoci, sai su rufe asusun gaba ɗaya. Ba mutum ɗaya ke shan hukuncin ba, dukkan ɗalibai da malaman jami'ar ne, kuma buɗewa kan ɗauki makonni ana rubuce-rubuce. Malam Kaura yana da tasa ƙofar ta halal, kyauta, zuwa ɗaya kawai take buƙata.

Na manta ban faɗa ba: littattafan intanet na cikin rumbuna irin EBSCO ba kamar maƙala suke ba. Yawancinsu suna ƙayyade shafukan da za ka iya saukewa, kuma aron littafin gaba ɗaya na buƙatar wata manhaja, bayan kwanakin aro ya rufe kansa. Ga mai waya, ya fi sauƙi ka duba jerin babi, ka sauke babin da kake so kawai a matsayin PDF. Haka ma littafin takarda: ka ɗauki hoton babi ɗaya ko 'yan shafuka don nazarinka, bayan ka nemi izini, ba littafi daga bango zuwa bango ba. Ka fara da hoton shafin take da bayansa, inda aka rubuta shekara da maɗaba'a da garin bugawa. Mutane da yawa kan dawo gida da shafi 20 masu kyau ba su san daga wane littafi suka fito ba, sai an sake tafiya Gusau saboda layi ɗaya.

Dakta_Sashen_Ilimi ya rubuta:

Bari in yi magana ta fuskar mai duba aiki. Tsohon furojet na kafe yana da illa biyu. Ta farko, ana saka aiki a manhajar gano satar rubutu irin Turnitin, kuma rubutun da ya zaga hannu goma ya riga ya shiga intanet. Ta biyu ta fi muni: jerin madogarar da ke bayansa an yi ta kwafe shi daga wani zuwa wani har sunaye da shekaru sun gurɓace, wasu ma babu su a duniya. Haka abin yake da madogarar da manhajojin AI ke kawowa, sukan haɗa sunan marubuci na gaske da take na ƙarya. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga jerinka. Ranar kare aiki tambaya ɗaya ce ke tona asiri: me wannan marubucin ya gano, kuma a ina ya yi binciken?

Littattafan kwas ɗinka kada ka raina su, amma ba su ne madogara ba. Ka buɗe ƙarshen kowane darasi, akwai jerin littattafan da marubucin ya dogara da su; su za ka bi. Talatin ɗin nan kuma ba iri ɗaya ake so ba. Kamar 18 zuwa 20 su zama maƙalun bincike na kwanan nan, huɗu ko biyar littattafai don ma'anar kalmomi da ra'in da ka ɗora aikin a kai, biyu ko uku kundayen digiri, saura takardun hukuma. A takenka ba makawa sai ka riƙe Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugu na 6 na 2013, da dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, da rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, wanda ke da alƙaluman karatun mata da shekarun aure jiha-jiha. Alƙaluman makarantun ƙaramar hukumarka kuwa babu rumbun da zai ba ka su, sai ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da irin takardar gabatarwar da Malama ta ambata.

Ka yi hattara da mujallun 'yan kasuwa. Alamarsu: suna buga komai daga noma har shari'a a fitowa ɗaya, suna alkawarin bugawa cikin kwana uku in an biya, kuma Turancin shafinsu kansa a karye yake. In kana shakka, ka nemi sunan mujallar a DOAJ ko AJOL, ko ka tura wa jami'in laburare ya duba maka, aikinsa ne.

Wajen karatu, ka sayi littafin rubutu mai shafi 80, kowace maƙala shafi guda: cikakken bayanin madogara a sama, sannan inda aka yi binciken, mutum nawa aka tambaya, da wace hanya, me aka gano, me aka bari. Da kalmominka za ka rubuta, in ka ɗauko jimla yadda take ka sa mata alamar zance da lambar shafi a take. Maƙala biyu a dare ya isa, cikin mako uku ka gama. Daga nan sai ka tara shafukan bisa dalilai, talauci da talla wuri guda, auren wuri wuri guda, nisan makaranta da rashin tsaro wuri guda, ƙarancin malamai mata da banɗaki wuri guda. Babi na biyu ke nan ya tsaru, maimakon "wane ya ce, wane ya ce" shafi goma.

Tsarin rubuta madogara a ilimi APA ne, amma ka tambayi malaminka ko bugu na 6 yake so ko na 7, don sun bambanta. Na 7 ya daina sa garin maɗaba'a. Tunda ba ka da kwamfuta, ka buɗe ZoteroBib a burauzar waya, ka liƙa DOI, zai tsara maka. Ka dai sake dubawa da ido, yakan juya sunayenmu ya mayar da sunan uba na yanka.

Malam_Kaura ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malama da Dakta da sauran 'yan'uwa. Na gwada ERIC yanzu kamar yadda Abu Hanan ya ce, maƙalu sun sauka. Saura tambaya ɗaya: idan na ga maƙalar da nake buƙata ƙwarai, ba ta cikin na kyauta kuma ba ta cikin rumbunan jami'armu fa?

Malama_Laburare ta rubuta:

Ka tura wa jami'in laburaren cibiyarku saƙo ɗaya cikakke: sunanka da lambar rajista, sunan marubuci, shekara, taken maƙala, sunan mujalla, kundi da fitowa da shafuka, da DOI in akwai. Ma'aikatan laburare suna da zumunci tsakaninsu, abin da babu a nan ana iya nemo shi wurin takwarori a wata jami'a. Saƙon "don Allah a taimaka min da matiriyal a kan ilimin mata" shi ne ke kwana ba amsa, don ba a san me za a nema ba. Kada ka tura fiye da uku zuwa biyar a lokaci guda, ka ba da kamar mako ɗaya kafin ka tuna masa. Ranar da za ka shiga Gusau kuma ka fito da sassafe, waya cike da caji, da fawa bank da fulash, ka karɓi takardar gabatarwa kwafe uku a zuwa ɗaya, kowace da sunan inda za ta, don ka kama hanyar Kaura kafin la'asar.